Wanda Ya Sayar da Sabon Babur Ya Sayi Tsoho Bai Yi Wauta Ba

A makon jiya na zauna a wata majalisa ta wajen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, inda aka cinye lokacin da ke tsakanin La'asar da Magariba ana yi da wani dattijon malamin makaranta. Laifinsa shi ne ya sayar da babur ɗinsa ƙirar Boxer, wanda bai daɗe a hannunsa ba kuma lafiyarsa ƙalau, ya ɗauki kuɗin ya sayo Honda Roadmaster da ya girmi babban ɗansa. Wani ya ce tsufa ne ya fara taɓa shi, wani ya ce dillalai ne suka yi masa romon baka, wani kuma ya rantse cewa kafin damina ta faɗi za a gan shi yana turin babur a bakin titi.

Da malamin ya iso, wani matashi ya gaishe shi ya ce, "Baba, an ce an yi sabon abin hawa, Allah ya sa a kashe lafiya. Amma me ya yi zafi haka?" Amsar da ya bayar ita ce ta tsaya mini a rai. Ya ce tsohon ƙarfe ya fi ƙarko, ya fi tattalin mai, kuma ko nan gaba ya tashi sayarwa ba zai faɗi ba. Duk wanda ya san shi ya san ba wannan ne dalilinsa ba, domin tun yana ɗan firamare yake begen wannan babur, kuma ya sha faɗa da bakinsa.

Ra'ayina shi ne mutumin yana da damar yin abin da ya yi, kuma son abu kawai ya isa ya zama dalili ga wanda ya sauke haƙƙin da ke kansa. Abin da nake ganin yana cutarwa shi ne yadda muke tilasta wa irinsa ya lulluɓe sha'awarsa da mayafin tattali kafin mu ƙyale shi. Wanda ya shiga kasuwa yana gaya wa kansa cewa riba zai ci, alhali sha'awa ce ta kai shi, shi ne dillali ya fi jin daɗin samu, saboda ya riga ya yaudari kansa tun kafin wani ya yaudare shi.

Inda begen ya samo asali

Matasanmu da suka buɗe ido suka ga Jincheng da Boxer a kowace kwana ba za su gane matsayin babur a idon yaron da ya tashi a shekarun 1970 da 1980 ba. Bayan ƙarin albashin da kwamitin Udoji ya ba gwamnati shawarar yi, wanda rahotonsa ya fito a 1974 aka kuma biya ma'aikata bashin watannin baya a dunƙule, malaman makaranta da malaman gona da malaman asibiti da yawa sun bar keke sun koma babur. A ƙauye, ƙarar Honda ko Suzuki ko Yamaha ita ce ke sanar da cewa hedimasta ya iso, ko kuma wani jami'i ya zo daga birni. Kamfanin Honda ya kafa reshensa na haɗa babura a Ota ta jihar Ogun a 1979, saboda kasuwar ta kai a yi hakan.

Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta shigo da shirin SAP na sake fasalin tattalin arziki darajar naira ta karye, babur ɗan Japan ya fara fin ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Daga baya na Sin suka cike gurbin, sannan na Indiya suka biyo baya. Saboda haka akwai wani rukunin mutane, waɗanda yanzu suka haura shekara 50, da suka yi yarinta suna kallon babur ɗin da suka ƙudurta za su hau in sun fara ɗaukar albashi, sai suka fara aiki a daidai lokacin da albashin ya daina isa. Malamin nan yana cikinsu, kuma ba shi kaɗai ba ne a garin nan.

"Ai almubazzaranci ne"

Wannan ita ce suka ta farko da ake yi, kuma ita ce mafi rauni. Almubazzaranci shi ne a zubar da dukiya inda ba ta da amfani, ko a kashe ta a bar wajibi yana jira. Mutumin da ya musanya abin hawa da wani abin hawa, bai ci bashi ba, bai taɓa abincin gida ba, ban ga ta inda wannan suna ya hau kansa ba.

A garin nan da Daura akwai gidajen da ake kiwon doki shekara guda cur, ana saya masa dusa da harawa da kanwa, ana biyan mai kula da shi, don kawai a hau shi a hawan Sallah ko a Sallar Gani. Dokin ba ya kai kowa ofis, ba ya ɗauko kaya daga kasuwa, kuma ban taɓa jin an zauna a majalisa ana cewa mai shi ya zautu ba. Ana ma yaba masa ne da riƙon al'ada. Mun yarda mai hali ya yi sha'awa, amma idan ƙaramin ma'aikaci ya yi tasa daidai ƙarfinsa sai mu tambaye shi ribar da zai samu.

Sai dai a cikin wannan suka akwai wata gaskiya da bai kamata a tsallake ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin wannan shekarar, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi, har sabon Boxer ya haura naira miliyan 1. Ma'anar wannan ita ce wanda ya sayar da nasa yau, in ya yi nadama bayan 'yan watanni, kuɗin da ya karɓa ba lallai ya sake mayar masa da irinsa ba. A da mutum yana iya gwadawa, in bai ji daɗi ba ya koma. Yanzu komawar tana da tsada, kuma duk mai niyyar wannan ciniki ya kamata ya yi shi ne a matsayin tafiyar da mai yiwuwa babu dawowa a cikinta.

Haka kuma batun cewa tsohon babur ba ya faɗuwa a kasuwa magana ce da ke da gyara. Boxer ko Haojue in ka kai shi kasuwa da safe, da wuya ka kai yamma ba a taya ba, domin ɗan kabu-kabu yana so, manomi yana so, mai kai kaya ƙauye yana so. Roadmaster ko Vespa kuwa sai ya jira mai sonsa, kuma masu son ba su da yawa. Yana iya yin daraja a bakin masoyansa, amma ranar da buƙata ta taso cikin gaggawa, kamar a ce rashin lafiya ko kuɗin makaranta, darajar da babu mai saye a kusa ba ta biyan kuɗin magani.

"Tsohon ƙarfe ya fi ƙarko"

A nan kuma magoya bayan malamin nake wa magana, domin su ma suna da tasu tatsuniyar. Gaskiya ne an ƙera wasu daga cikin baburan wancan zamani da lura sosai. Misali mafi kyau shi ne Honda CG125 da ya fito a 1975. Injiniyoyin kamfanin sun lura cewa a ƙasashe masu tasowa mutane ba sa juye baƙin mai a kan lokaci, suna kuma labta wa babur kayan da ya fi ƙarfinsa, sai suka sauko da sandar da ke sarrafa bawul zuwa ƙasan inji kusa da inda mai ke taruwa, suka kuma sa matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. Ingancin wannan ƙira ne ya sa aka ci gaba da yin ta a Burazil da Pakistan shekaru masu yawa, kamfanonin Sin kuma suka kwaikwaye ta.

Amma ƙarkon ƙira daban, lafiyar babur ɗin da ke gabanka daban. Tsofaffin baburan da muke gani yau suna sheƙi su ne 'yan kaɗan da suka faɗa hannun masu tattali, waɗanda ke goge su kullum, suna ajiye su a zaure, ba sa ba yara aro. Dubban 'yan uwansu da aka shigo da su tare tuni 'yan gwangwan suka auna su a kilo. Idan muka kalli wanda ya tsira muka ce duk haka suke, mun manta da waɗanda suka mutu ke nan.

Ƙarfe ma yana gajiya, roba kuwa tana mutuwa ko ba a hawa. Babur mai shekara 40 yana zuwa da wayoyin wuta da suka bushe, da tankin da wataƙila ya yi tsatsa ta ciki yana tura datti cikin kafireta, da birkin da aka yi don titin da ba shi da cunkoso irin na yau. Da yawa daga cikinsu wutarsu mai ƙarfin volt 6 ce ba 12 ba, shi ya sa fitilarsu ba ta haska nesa, kuma wanda ya taɓa biyo hanyar Mashi zuwa Daura bayan Isha ya san abin da raunin fitila ke nufi. Wasu kuma ba su da na'urar ba da wuta ta zamani, suna amfani ne da 'yan ƙarafan da sai an riƙa gogewa ana saitawa kafin fulogi ya ba da wuta daidai.

Batun mai ma haka yake. Suzuki da Yamaha da Vespa na wancan lokaci yawancinsu injin da ke ƙona fetur tare da man 2T ne, suna da zafin tashi da daɗin ƙara, amma suna hayaƙi kuma suna shan mai fiye da Boxer na yau. Roadmaster ba ya cikin wannan rukuni, sai dai silinda biyu gare shi kuma ya fi nauyi, ga shekaru sun ci injin. Lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba ana iya kau da kai daga wannan bambanci. Bayan da ta haura 500 a 2023, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024, duk wanda ya ce don tattalin mai ya koma tsohon babur sai a tambaye shi ko ya auna.

Wani abin da ya fi waɗannan duka ban takaici shi ne yawancin abin da ake tallatawa da sunan tsohon Japan tanki da firam ne kawai suka rage na asali. An yi sabon fenti, an manna tambari, amma fistan da ringi da kafireta duk na kwaikwayo ne, wani lokaci ma injin gaba ɗaya an sauya shi. Mai sha'awar da ya san sha'awa ce ke jansa yakan ji tsoron kansa, ya tafi da makaniken da ya yarda da shi, ya biya a kwance inji a gabansa kafin ya ba da ko kafin alƙalami. Wanda ya riga ya gamsu cewa tsoho ba ya lalacewa kuwa, da ya ji ƙarar salansa ya gama saye.

Wa zai gyara, kuma da me?

Wannan suka ita ce na fi ɗauka da muhimmanci, kuma amsarta ta danganta da irin babur ɗin. Mai CG125 yana da sauƙi, tunda kayan injin da aka kwaikwaya daga gare shi suna ko'ina, ko da ingancinsu bai kai na asali ba. Mai Roadmaster zai sha yawo, domin kayan silinda biyu ba su cika shaguna ba, sau da yawa sai an aika Kano, ko a sayi mataccen babur guda a ajiye a riƙa cirar kaya a jikinsa. Vespa kuwa duniyarsa daban ce, injinsa a gefe yake, giyarsa a hannu, kuma ba kowane gareji ne zai karɓe shi ba.

Masu gyaran ma suna ƙarewa. Tsofaffin makanikan da suka koyi aiki a kan waɗannan injuna, waɗanda ke iya sauraron ƙara su gaya maka inda matsalar take, shekaru sun ja musu. Yaran da ke gareji yanzu sun tashi ne a zamanin da kaya ke da araha, inda ake cire abin da ya lalace a jefar a ɗaura sabo. Ba laifinsu ba ne, kasuwa ce ta koya musu haka. Amma tsohon babur yana buƙatar mai gyara abu, ba mai sauya shi kawai ba.

Ni a wurina wannan ma hujja ce ta goyon bayan masu irin wannan sha'awa. Muddin akwai mutum goma ko ashirin a gari da ke hawa waɗannan babura, tsohon makanike yana da dalilin riƙe sana'arsa, kuma akwai yiwuwar wani yaro mai basira ya zauna kusa da shi ya kwashi ilimin. In babu su, ilimin zai bi baburan zuwa wurin 'yan gwangwan. Muna yawan kukan cewa ba ma adana tarihi, muna nuna Hasumiyar Gobarau da rijiyar Kusugu, amma kayan da iyayenmu suka yi rayuwa da su shekara 40 da suka wuce muna sayar da su a kilo ba tare da ko hoto ba.

Haƙƙin mutanen gida

Akwai inda goyon bayana ya tsaya. A gidaje da yawa babur ba na mai gida kaɗai ba ne, ko da sunansa ne a takarda. Shi ne ke kai yara makaranta da safe, shi ne ke ɗauko buhun taki, shi ne ake tayarwa da tsakar dare in naƙuda ta kama uwargida ko zazzaɓi ya rufe yaro. A wasu gidajen ma shi ne tukunyar kanta, domin da kuɗin kabu-kabun yini ake cefanen dare. Mai irin wannan gida ba shi da hurumin musanya babur mai tashi a bugu ɗaya da wanda sai an lallaɓa, komai daɗewar begensa, domin ranar da ya ƙi tashi ba shi kaɗai zai ɗanɗana ba.

Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa mai wannan niyya ita ce, wane aiki babur ɗinka na yanzu yake yi a gidanka, kuma wa zai yi wannan aikin in tsohon ya kwana uku a gareji? Malamin da na ambata 'ya'yansa sun girma, akwai wani babur a gidan, makarantar da yake koyarwa kuma ana iya zuwa da ƙafa. Ga irinsa amsar tana da sauƙi. Ga matashi mai mata da ƙananan yara da babur ɗaya tak, amsar ita ce ya jira, ko ya yi ta tari a hankali har ya iya riƙe biyu.

Kuma shawara da uwargida a nan ba ragwanta ba ce. Ita ce ta san abin da ke fita kullum, ita ce kuma za ta fara ganin giɓin in kuɗin cefane ya fara tafiya wurin mai kayan gyara. Na lura mazan da suka fi ɗaga murya wajen cewa tsohon babur riba ne, galibi da matansu suke wannan muhawara ba da abokai ba.

Takardu da halin da muke ciki

A jiharmu cinikin babur na hannu ya wuce batun ciniki kawai. A ƙarshen watan Agustan 2021, cikin dokar da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa wa hannu don daƙile 'yan bindiga, har da haramta sayar da babura na hannu a kasuwar Charanchi, da hana ɗaukar mutum uku a babur, da hana sayar da fetur a jarka. Wannan ya nuna yadda hukuma ke kallon babur ɗin da ba a san asalinsa ba, kuma jami'in da ya tsayar da kai a shinge ba ruwansa da cewa tun kana yaro kake son Roadmaster.

Matsalar tsohon babur ita ce ya ratsa hannaye da yawa, kuma takardunsa na asali sau da yawa sun ɓata ko gara ta cinye. Mai saye ya duba lambar inji da ta firam ya ga sun dace da abin da ke rubuce, ya tabbatar ba a kankare su an sake bugawa ba, ya kuma san gidan mai sayarwa ba wai lambar wayarsa kawai ba. A rubuta yarjejeniya, shaidu su sa hannu, in da hali mai unguwa ya sani, sannan a je a sabunta rajista da sunan sabon mai shi. Kafa shaidu a ciniki umarni ne da ya zo a cikin Suratul Baƙara tun kafin a san babur, kuma la'adar dillali ba ta maye gurbinsa.

Wannan nauyi yana kan ɓangare biyu, domin mai sayen tsohon shi ne kuma mai sayar da sabon. Ya san wanda yake miƙa wa Boxer ɗinsa, tunda irin wannan babur mai ƙarfi da jure daji shi ne miyagu suka fi nema, kuma in aka kama shi a inda bai dace ba lambar za ta dawo ƙofar gidan mai shi na farko. Ya kuma faɗi aibinsa in yana da shi. Sau da yawa mai sayen yaro ne da ya tara kuɗin ta hanyar adashi ko ya sayar da tumakin mahaifiyarsa don ya fara kabu-kabu, kuma bai dace mutum ya cika burinsa na yarinta da kuɗin da ya karɓa ta hanyar ɓoye wa wannan yaro cewa kulocin ya fara zamewa ba.

Tsarin cinikin ma yana da muhimmanci. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara sayar da na hannu saboda an ji labarin wani tsohon babur a Mai'aduwa ko Dutsin-Ma, a je a tarar ba haka yake ba, sai a dawo da kuɗi a aljihu babu abin hawa. Kuɗi a hannun mai iyali ba sa zama wuri ɗaya, biki da suna da rancen 'yan uwa za su fara gutsurarsu, daga nan sai gaggawa ta sa a sayi duk abin da aka samu. Abin da ya fi shi ne a fara samun babur ɗin, makanike ya buɗe shi, a yi ciniki a tsayar da rana, sannan a sallama na hannu, kuma a ware wani kaso na kuɗin tun daga farko don taya da sarƙa da wayoyin wuta da gyaran birki, waɗanda kusan babu tsohon babur ɗin da ba zai nema ba a watanninsa na farko.